Wanda Ya Tsayar da Jirgin Safe

Tashar ba wata babba ba ce. Ɗakuna uku ne a jere a ƙarƙashin kwano ɗaya: ofis, ɗakin jiran fasinja, da sito. A gaba akwai dandamalin siminti da bai fi tsawon tarago huɗu ba, da tankin ruwa a kan ƙafafun ƙarfe. A baya kuma, in ka wuce bishiyoyin mangwaro, gidajen ma'aikata ne guda shida. Biyar sun rushe. A na shidan Mai Tuta yake zaune da matarsa, wadda kowa ke kira Inna, shekara hamsin da ɗoriya ke nan.

Tun yana saurayi aka damƙa masa tuta biyu, ja da kore, da usur, aka ce ga aikinsa: ya juya layi, ya ba jirgi hanya, ya tsayar da shi in akwai matsala. Yanzu rabon tashar da jirgi shekara ashirin, amma sunan ya ƙi sakinsa.

Tarihin wurin ya san shi kamar yunwar cikinsa. Ubansa na cikin leburorin da suka cike fadamar da aka shimfiɗa dogon a kanta, shekara biyu suna ɗaukar ƙasa da kwano a ka. Har ya mutu yakan ce duk wanda ya hau jirgi a nan, a wuyansa yake tafiya. Ba don mutane aka kafa tashar ba, don inji ya sha ruwa ne, domin jiragen wancan zamani da gawayi da ruwa suke tafiya, kuma nan ne rabin hanya tsakanin manyan garuruwa biyu. Mutane daga baya suka biyo. Mai shayi ne ya fara kafa tebur, sai mahauci, sai tela, kafin ka ce me kasuwa ta tsaya da ƙafarta. Jirgi huɗu ke tsayawa a rana. In kaka ta yi, buhunan hatsi da dilolin auduga sai su fi rufin sito tsawo. Mata na miƙa faranti ta tagar tarago ana ciniki a guje, wani fasinja ya wuce bai biya ba, wata mai talla ta riƙe canji tana ɗaga wa jirgi hannu.

Daga nan aka yi kwalta, manyan motoci suka kwashe kayan. Jirgi huɗu ya koma biyu, biyu ya koma sau biyu a mako. Wata Laraba aka jira jirgi bai zo ba, shi ke nan. Babu takarda, babu sanarwa, babu wanda ya zo ya ce an rufe. Ma'aikata suka zare jiki ɗaya bayan ɗaya. Tanki ya huje, awaki suka gaji ɗakin jira, masu sayen tsohon ƙarfe suka fara kwance dogo da rana tsaka. Mai Tuta ya ci gaba da share dandamali har shekara uku, sai da Inna ta ɓoye tsintsiyar.

"Wa kake yi wa shara?" ta ce. "Ko awakin sun ce maka sun yanki tikiti?"

Wata safiya mota ta tsaya a gindin mangwaro, wani mutum mai tabarau ya fito da jaka a kafaɗa. Ya yi sallama, ya durƙusa ya gaishe su da ladabi. Ya ce shi malamin tarihi ne daga jami'a. Tashar za ta cika shekara ɗari, kuma Ciyaman, shugaban gundumar, ya ƙudurta gyara ta a mai da ita gidan tarihi, ya kuma ba shi aikin rubuta littafi a kanta. An ce masa duk garin babu wanda ya kai Baba sanin wurin.

Mai Tuta ya sa aka fito da kujera mai kyau. Shekara ashirin ke nan babu wanda ya tambaye shi komai game da jirgi. Ya yi ta zuba, malamin na ɗauka a rikoda, Inna na gefe tana wanki tana gyara masa shekaru in ya kauce.

Can malamin ya gyara tabarau ya ce, "To Baba, saura babban labarin. Ranar da mahaifin Ciyaman ya tsayar da jirgin safe."

Inna ta tsaya da wankin. Mai Tuta ya dubi malamin.

"Wa ka ce ya tsayar?"

"Shugaban tasha na lokacin. Masta, kamar yadda kuke ce masa. Ai har lambar yabo aka ba shi."

"Abin nan naka yana ɗauka?"

"Yana ɗauka, Baba."

"To matso da shi."

Shekara arba'in da biyar ke nan, cikin damina. An kwana ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Masta ba ya nan. Tun jiya da la'asar ya hau keke ya ƙetare rafi zuwa wani ƙauye sayen hatsi, wanda yake saye da araha ya ɓoye a siton hukuma sai ya yi tsada. Ya kulle ofis, wayar tasha na ciki, makulli na aljihunsa. Da gari ya waye hankalin Mai Tuta ya ƙi kwanciya saboda ƙaramar gadar da ke kan rafin. Ruwa bai ɗauke ba, shi kuma ba shi da rigar ruwa, sai ya zari ta Masta da ke rataye a barandar ofis, baƙa mai maɓallan tagulla, ya haɗa da hularta. Ya ɗauki jar tuta ya bi dogo.

Ya tarar babu gada. Ruwa ya cinye ƙasar da ginshiƙin gaba ɗaya, dogo biyu na rataye a iska da katakansu kamar an kwantar da tsani. Jirgin safe zai iso takwas da minti goma daga wancan ƙetaren, kuma gangara ce mai kwana, direba ba zai ga rafin ba sai yana kansa. Ba waya, ba mutum. Ya ciji sandar tutar da haƙora ya hau dogon da rarrafe, ruwa na ruri a ƙarƙashinsa, katako na rawa. A tsakiya takalminsa na dama ya suɓuce, ya ga ya juya sau ɗaya a ruwa ya ɓace. Wata ƙusa ta kama gefen rigar ta yage. Da ya ƙetare ya sheƙa a guje a kan tsakuwar dogo, ƙafa ɗaya da takalmi ɗaya babu. A hanya wani ƙarfe ya datse masa yatsu biyu na ƙafar, bai ma ji ba sai daga baya. Ya kai kan tudu daidai lokacin da hayaƙi ya ɓullo. Ya tsaya a tsakiyar dogo yana kaɗa tuta, bai kauce ba sai da ya ji zafin injin a fuskarsa. Jirgin ya wuce shi burki na kuka, ya gangara, ya tsaya bai fi jifa ɗaya da ramin ba. Mutum sama da ɗari huɗu ne a ciki.

Shi kuwa ya faɗi cikin ciyawa. Kamar a mafarki ya ga keke ya tsaya a kansa. Masta ne, ya jiyo kukan jirgin daga ƙauyen da ya kwana. Ya dube shi, ya dubi jirgin can ƙasa. Ya ce bari a cire maka rigar nan ka sha iska. Ya cire, ya saka a jikinsa, ya ɗora hular, ya ɗauki tutar. Ya kira wasu manoma biyu ya ce su kai mara lafiya gida ta mashigin shanu, shi kuma ya gangara wajen jirgin. Direba ba abin da ya gani cikin ruwan nan sai baƙar riga da hula. Fasinjoji suka ɗaga Masta sama.

"Kura da shan bugu," in ji Inna, ta matse rigar da ke hannunta, "gardi da karɓar kuɗi."

Mai Tuta ya cire takalmi ya miƙa ƙafar. Malamin ya dubi gurbin yatsun, ya kau da kai. Ya ce zai bincika ya dawo.

Kwanakin da suka biyo baya Mai Tuta kamar an sauya shi. Ya yi aski. Ya riƙa zagaya dandamali yana nuna wa masu fenti inda ƙararrawa take a da, da inda ake rataye fitila. Da ma ana cewa ramin ƙarya ƙurarre ne, shi dai bai taɓa ganin ƙarshensa ba, amma ga alama Allah ya ja kwanansa ya gani.

Bayan mako biyu malamin ya dawo. Wannan karon bai kunna rikoda ba. Ya zaro takarda daga jaka, hoton wata tsohuwar takarda ce da ya samo a ma'ajiyar hukumar jiragen ƙasa.

"Baba, wannan yatsan wane ne?"

Mai Tuta bai iya karatu ba, amma ya gane takardar. Kwana uku bayan abin ya faru, ana gobe masu bincike za su zo, Masta ya shigo wannan ɗakin da ita, ya zauna a bakin gado. Ya ce, "Ka bar bakin aikinka ba izini, ka ɗauki kayan hukuma da ba naka ba. In na faɗi, tare za mu faɗi. Ni ina da gidan ubana a birni. Kai ina za ka kai mace da tsohon ciki?" Mai Tuta ya juya fuska bango ya ce ba zai sa ba. Masta ya ajiye takardar da tawada ya fita. Inna, wadda ta riga ta binne 'ya'ya biyu, ta durƙusa a gaban gadon da cikinta wata takwas ta ce yabo ba ya yi wa mutum rufin ɗaki. Da hantsi ya dangwala yatsansa a takardar.

"Nawa ne," ya ce wa malamin.

"Takardar ta ce ranar kana gida ba ka fita ba. Ta ce da gatari ka sare ƙafarka wajen faskare."

"Haka aka rubuta."

"Wallahi Baba ni na yarda da kai. Na ga idonka lokacin da kake faɗa. Amma aikinmu da shaida ake yi. Direban ya rasu, manoman nan ba wanda ya san su. Wa ya rage?"

"Ga ni," in ji Inna. "Ni na wanke jinin. Gatarinmu ma a lokacin ba shi da ƙota."

"Inna, za a ce matarsa ce ke." Ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga. "Kuma kun san wanda ya ba ni aikin. Abin da zan iya, zan sa a ƙasan shafi cewa akwai wata ruwayar."

"A ƙasa dai," ta ce. "Can muka saba zama."

Motar ta tafi. Inna ta kawo abinci, Mai Tuta ya ture kwanon.

"Ke kika ce in sa."

Shekara arba'in da biyar bai taɓa faɗa mata haka ba. Ta ajiye ludayin a hankali.

"Ni na ce. Gobe ma in aka dawo da ranar sai in sake cewa. Ga 'yarka can tana koyar da 'ya'yan mutane, da ka zaɓi yabo a gindin bishiya zan haife ta, ta bi 'yan'uwanta. Amma Malam, bakin nawa ne, yatsan naka ne. Kada ka ɗora mini kayan duka, ni ma na ɗauki rabona. Kana tsammani ranar da aka rataya wa mutumin nan lamba, matarsa na guɗa a kan dandamali, ni rawa na yi?"

Ya jawo kwanon ya ci loma biyu, don dai kada ta ce ya yi fushi da abincinta.

Ana saura wata ɗaya biki Ciyaman ya zo duba aiki. Mutum ne mai jiki da fara'a, kuma har ƙasa ya durƙusa ya gai da su. Ya ce bai manta ba, a kafaɗar Baba ya fara ganin cikin injin jirgi yana ɗan shekara shida. Ya tambayi ƙafa, ya tambayi Malama, wato 'yarsu, wadda ke koyarwa a firamaren garin. Sannan ya shigo da abin da ya kawo shi. Gidan nan yana cikin filin tasha, kuma a tsarin da aka zana nan ne shagon baƙi da bayan gida. Ba gaggawa, an ba su wata uku. Na biyu kuma, yana so ranar biki Baba ya sa kayan aiki sababbi ya tsaya da tuta a kan dandamali, mutane su ga tarihi da idonsu.

Mai Tuta ya ce, "Yaro, in tambaye ka. Ka san inda mahaifinka ya kwana ranar da gada ta karye?"

Ya zaci zai ga mamaki ko fushi. Ciyaman sai ya ɗaga kai yana kallon tankin ruwa, wanda aka shafe da sabon fenti ba a toshe hujin ba.

"Baba, wanda ya riga mu gidan gaskiya, addu'a ake yi masa."

A nan Mai Tuta ya gane cewa ya sani. Wataƙila tun yana yaro ya sani.

Ranar biki aka kafa rumfuna, aka jera kujeru, motoci suka cika filin da a da ake jibge auduga. Jirgi dai babu, don dogon ma bai kai ko'ina ba, amma an sa kukan jirgi a lasifika, yara na ta tsalle. Mai Tuta ya sa kakin da aka ɗinka masa, wandon ya yi masa yawa, Inna ta ɗaure da igiya. Kafin a fara ya leƙa ɗakin jira. An kori awaki, an shimfiɗa tayil. A tsakiya, cikin akwatin gilashi, ga baƙar rigar ruwa mai maɓallan tagulla. Ya sunkuya ya duba gefen hagu. Yagewar na nan, ba a ɗinke ba.

Aka yi jawabai. Aka yaye ƙyalle daga kan allon ƙarfe mai sunan Masta, wanda daga yau shi ne sunan tashar. Malamin tarihi ya karanta takarda, bai dubi inda Mai Tuta yake tsaye ba ko sau ɗaya. Daga nan mai gabatarwa, wani ɗan gari mai yawan barkwanci, ya ce yanzu za a ji kalma biyu daga bakin tsohon ma'aikaci ɗaya tilo da ya rage.

Mai Tuta ya taka a hankali zuwa gaban rumfa. Bai karɓi abin maganar ba. Ya dafa sandar rumfa, ya sunkuya ya cire takalmin dama, ya ɗaga ƙafar yadda manyan baƙi za su gani.

"Ni na tsayar da jirgin nan," ya ce. "Ga shaidata. Rigar can ni na yaga ta a kan gada. Masta ba ya gari."

Muryarsa ta tsufa, layin gaba kaɗai suka ji. Wani babban baƙo ya juya ya dubi Ciyaman. Mai gabatarwa bai ɓata lokaci ba, ya kai abin maganar bakinsa.

"Jama'a, Baba ya ce shi ma ya taya Masta gudu har takalmi ya cire! Ga shi yau ma ya cire, a riƙe shi kada ya sake sheƙawa! A tafa wa Baba!"

Wuri ya ɗauki dariya da tafi. Aka sake sakin kukan jirgi a lasifika. Ya ji wata mata a bayansa tana cewa, "Allah sarki, tsufa." Ya tsaya da ƙafa ɗaya yana neman takalminsa da ido, bai gan shi ba, tutar ta faɗi ƙasa.

Malama ce ta ratso taron. Ta kawo 'yan ajinta ne su yi waƙar maraba. Ta durƙusa a gabansa ta ɗauko takalmin daga ƙarƙashin kujera ta saka masa, ta ɗaure. Sannan ta miƙe ta fuskanci rumfar manya. Wadda ta shekara ashirin tana magana da yara sittin ba ta bukatar lasifika.

"Ubana bai ruɗe ba," ta ce. "Kuma akwai wanda ke zaune a nan da ya san bai ruɗe ba."

Wannan karon ba wanda ya yi dariya. Ta kama hannunsa suka fita ta tsakiyar kujeru, Inna na biye da su riƙe da hular kakin.

Wata ukun da aka ba su ya koma mako ɗaya. Ranar da suke loda kaya a motar haya, magina na tsaye da diga suna jira, ɗayansu ma ya taya su ɗaukar gado. Kafin wata ya ƙare takarda ta iske Malama: an yi mata canjin wurin aiki zuwa wata makaranta a ƙarshen gunduma, mota biyu da tafiyar ƙafa. Ba a ce don me ba. Mijinta direba ne da ciwon baya ya zaunar, 'ya'ya huɗu, albashinta ne gidan. Ta riƙa tafiya Litinin ta dawo Juma'a. Tsofaffin suka tare a ɗakin baya na gidanta, jikin tashar mota, inda tun safe manyan motoci ke ta hon. Surukin bai taɓa ɓata musu rai ba, sai dai Mai Tuta na ganin yadda yake kallon hanya duk ranar Juma'a, da yadda ƙaramar jikar ke kuka duk ranar Litinin. Sau ɗaya Mai Tuta ya buɗe baki a rayuwarsa, ga wadda ta biya.

Wata Juma'a bayan damina Malama ta dawo ta shigo ɗakinsu ko mayafi ba ta cire ba. Ta ajiye wani ɗan littafi a kan tabarma. Littafin tashar ne ya fito. Malamin tarihin bai aiko musu ba, daga ofishin ilimi aka raba wa makarantu, aka ce a koyar da babi na huɗu ga 'yan aji biyar, zai fito a jarrabawa.

"Ya sa abin da ya ce zai sa a ƙasa?" in ji Inna.

"Babu komai a ƙasa sai lambar shafi."

"Karanta mini in ji," in ji Mai Tuta.

"Baba, ba sai ka ji ba."

"Karanta."

Ta karanta. Rubutun ya yi kyau, ba laifi. Ya faɗi yadda Masta ya tarar da dogo a rataye kamar an kwantar da tsani. Yadda ya ciji sandar tuta da haƙora ya hau da rarrafe. Yadda takalminsa na dama ya suɓuce ya juya sau ɗaya a ruwa ya ɓace. Yadda bai kauce ba sai da ya ji zafin injin a fuskarsa.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan a tsohuwar takardar, kuma Masta bai taɓa sanin su ba. Mutum ɗaya ya sani, mutum ɗaya ya faɗa wa, a gindin mangwaro, da bakinsa ya ce a matso da rikodar.

Inna ta ce, "Allah ya isa," ta sake cewa, "Allah ya isa."

Mai Tuta ya kau da kai. Yana kallon bango, hannunsa na kan gwiwa.

"Ni ba zan karanta musu wannan ba," in ji Malama. "In tsaya gaban yara in ba wani ƙafar ubana? Su kore ni."

"In kin ƙi, wa zai sani?"

"Hedimasta ya ce sufeto zai zagayo ya duba littattafan yara. Ya ce ni musamman aka ce a duba."

Daga tsakar gida ana jin surukin na tari, da ƙarar cokali a kwano, yara na faɗa a kan wa zai zauna kusa da uwarsu in ta fito. Mai Tuta ya saurara ya daɗe.

"Ki karanta musu yadda yake," ya ce.

"Baba!"

"Na ce ki karanta. Kada ki ƙara, kada ki rage."

Ta juya wajen uwarta tana neman mai taya ta. Inna ba ta dube ta ba, ba ta dubi mijinta ba. Ta dafa ƙasa ta miƙe, ta fita tsakar gida, suka ji ta tana jan bokiti da ƙarfi kamar bokitin ne ya yi mata laifi.

"Tashi ki je wajen 'ya'yanki," ya ce. "Tun ɗazu suke jiranki. Ɗauke abin nan daga kan tabarmata."

Ranar Litinin da Malama ta zo yi masa sallama ya amsa daga ciki, bai ɗaga labule ba. Ta tafi da littafin a jaka. Ranar Talata ta rubuta babin a allo, ta karanta, yara arba'in da bakwai suka maimaita bayanta. Da jarrabawa ta zo, kusan duk sun ci tambayar.